Man da ke sheƙi a jikin gahawa: alamar kyau ce ko ta lalacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon shayi, ina so in ƙara da gahawa ta ainihi, wadda ake niƙawa a dafa. An kawo mini iri biyu, ɗaya baƙa wuluk tana sheƙi da maiƙo, ɗaya ruwan ƙasa kuma a bushe. Mai kawo kayan ya ce mai sheƙin ta fi, wai man nan shi ne ƙarfin gahawa. Gaskiya ne? Mene ne aikin mai a cikin gahawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a.

Mai kawo maka kaya ya faɗi gaskiya a wuri guda: mai yana da babban matsayi a ɗanɗanon gahawa. Amma hukuncin da ya yanke a kai bai tsaya daidai ba. Duka iri biyun da ke gabanka suna da mai, mai yiwuwa ma busasshiyar ta fi yawansa. Bambancin kawai shi ne wurin da man yake. A ɗaya yana ɓoye cikin ƙwaya, a ɗaya kuma ya fito fili inda iska ke dukansa. Ga wanda ya san abin da iska ke yi wa mai, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Gahawar da ake ciniki a duniya iri biyu ce babba, Arabika da Robusta. Ɗanyar ƙwayar Arabika, idan an cire ruwan jikinta, kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinta mai ne, wani lokaci har 17. Robusta kuwa tana tsayawa wajen kashi 10. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan mai irin man girki ne da kowa ya sani, wanda masana ke kira tiragilisarid. A cikinsa sinadarai biyu suka fi yawa: linoleyik, mai fiye da kashi 40, da falmitik, mai kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka riƙe sunan linoleyik, domin shi ne tushen yawancin ɓarnar da za mu yi magana a kai. Abin da ya rage na man, mafi yawansa wasu sinadarai ne da ba a cika samunsu a wani abinci ba sai gahawa, kafestol da kawiyol, sai kuma ɗan kakin da ya lulluɓe bayan ƙwayar.

Shi man a kan kansa kusan ba shi da ɗanɗano. Da za a tace shi tas a ɗiga maka a harshe, santsi kawai za ka ji. Amfaninsa shi ne riƙo. Lokacin suya, zafi yana haɗa sukarin ƙwayar da sinadaran gina jiki da ke cikinta, sai a samu abubuwa masu ƙamshi da aka ƙirga sama da 800, ko da yake 'yan gomomi ne a cikinsu ke da nauyi a hanci. Da yawa daga cikinsu sun fi son narkewa a mai fiye da ruwa, kuma masu saurin tashi ne. Man da ke cikin ƙwaya shi ke kama su ya ajiye, sannan ya riƙa sakinsu a hankali idan ruwan zafi ya taɓa garin, ya ci gaba da saki a bakin mai sha. Masu yin gahawar gwangwani, wadda ake zuba wa ruwan zafi ta narke, sun daɗe da sanin haka. Hanyar da ake bi a sarrafa ta tana kwashe mai da ƙamshi, don haka da yawansu sukan matso mai daga soyayyar ƙwaya su fesa kaɗan a kan garin kafin a rufe. Ƙamshin da ke bugun hanci ranar da aka fasa sabuwar kwalba, yawancinsa daga wannan feshin yake, shi ya sa ba ya daɗewa.

To me ke fito da man waje? Suya. Ɗanyar ƙwaya tana da tauri ƙwarai, man kuma yana cikinta a ƙananan ɗigo, kowanne a kulle cikin ɗakinsa. Da wuta ta kama, ruwan jikin ƙwayar ya zama tururi, iskar kabon ta taru, sai matsi ya yi yawa a ciki. Wajen digiri 196 a ma'aunin salshiyos ƙwayar takan fashe da ƙara, wanda masu suya ke kira fashewar farko. Ƙwayar da aka sauke jim kaɗan bayan wannan takan fito ruwan ƙasa, jikinta a bushe, bangon ɗakunan nan bai rushe ba. Idan aka bar ta a wuta har wajen digiri 224, sai a ji wata ƙara ƙanana-ƙanana, fashewa ta biyu ke nan. A nan jikin ƙwayar ya yi rauni, ya tsattsage, iskar da ke ciki ta turo narkakken man zuwa waje. Saboda haka sheƙin da kake gani labarin wuta yake ba ka. Bai ce komai ba game da gonar da ƙwayar ta fito, ko nunarta, ko yadda aka shanya ta. Ko mafi arhar Robusta aka kai wannan mataki, za ta yi sheƙi.

Ba ina cewa baƙar suya laifi ba ce. Mutanen kudancin Italiya haka suke so, haka ma masu shan jabana a Sudan, inda akan soya ƙwaya a kan gawayi har ta yi duhu, a daka a turmi, a dafa da citta. Amma ka lura da al'adar Sudan da Habasha: a zama ɗaya ake suya, a daka, a sha. Man bai samu ko awa guda yana jiran iska ba. Abin da ke damuna shi ne baƙar ƙwaya mai maiƙo da ta yi watanni a buhu ko a kanta, sannan a sayar da ita da sunan inganci. Akwai kuma dalilin da ya sa wasu 'yan kasuwa ke son wannan suya. Wuta mai yawa tana kashe ɗan tsami mai daɗi da ƙamshin 'ya'yan itace da ke bambanta gahawar wannan tsauni da ta wancan, ta maye gurbinsu da ɗaci da ƙauri. Tana kuma rufe aibi. Ƙwayar da ta tsufa ko ta sha danshi, idan aka ƙona ta sosai, da wuya mai saye ya gane.

Yanzu ga abin da iska ke yi. Sinadarin linoleyik yana da gaɓoɓi biyu masu rauni a jikinsa, inda iskar oksijin ke samun wurin kamawa. Idan ta kama, sai a samu wani abu marar ƙarko wanda ba ya wari tukuna, amma daga baya ya kakkarye ya zama ƙananan sinadarai masu wari. Ɗaya daga cikinsu shi ne heksanal, wanda masu gwaji ke auna yawansa don su san ko soyayyar gahawa ta tsufa. Wani kuma, nonenal, shi ke kawo warin tsohon katako ko jiƙaƙƙen kwali. Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙulin da ya daɗe a ajiye ya san wannan wari da maƙaƙin da yake bari a maƙogwaro, kuma ba mamaki, domin man gyaɗa ma yana da linoleyik, hanyar lalacewar ɗaya ce. Mugun halin wannan ɓarna shi ne tana haifar da kanta. Ƙwayar man da ta lalace tana taɓa ta kusa da ita, ita ma ta taɓa ta gaba. Haske yana ƙara mata sauri, haka ma zafi. Ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita ita ce, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan canji. Ranar ƙarewa da aka buga a jikin leda a Turai an yi lissafinta ne da ɗaki mai sanyi. Shagon da ke ƙarƙashin kwano a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, lissafinsa daban ne.

Sai dai a yi wa man adalci, ba shi ke fara lalacewa ba. Soyayyar ƙwaya tana da kariya iri biyu a kwanakin farko: iskar kabon da take fitarwa, wadda ke korar oksijin daga jikinta, da kuma wasu sinadarai masu launin ƙasa da suya ta haifar, waɗanda ke tare ɓarnar na ɗan lokaci. Abin da ke fara tafiya shi ne ƙamshi mafi laushi, musamman masu ɗauke da farar wuta, waɗanda su ne ke ba da gardin sabuwar suya. Gahawa takan fara yin salam tukuna, daga baya warin tsohon mai ya biyo. Niƙa tana rushe duk wannan kariya lokaci guda. Ƙwaya ɗaya ta zama ɗaruruwa ko dubban ɓarɓashi, iskar kabon ta tsere, man ya kwanta a fili ta kowace fuska. Shi ya sa ƙwayar da za ta yi makonni da kyaunta, garinta ke fara sanyin ƙamshi tun ranar da aka niƙa.

Akwai wani sheƙi na biyu da ya kamata ka sani. Ƙwaya mai matsakaiciyar suya, wadda ta fito a bushe, idan ta daɗe a ajiye sai ka ga ɗigo-ɗigon mai sun fara bayyana a jikinta. Wannan alamar kwanaki ce. Don haka idan launi ruwan ƙasa ne amma akwai tabon maiƙo, ka tambayi ranar suya. Idan kuma baƙa ce mai maiƙo, ka murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ka sunsuna hannun. Sabon mai yana da laushi, yana ƙamshi. Tsoho yana danƙo, kuma warinsa ba ya ɓuya.

Labarin man tun daga gona yake farawa, kuma a nan ne abin ya shafi manomanmu. Arabika tana son tsauni mai sanyi. A Najeriya ana nomanta a tsaunin Mambila na jihar Taraba, mai tsayin kusan mita 1,500 ko fiye, inda Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, wadda gahawa ke cikin amfanin gonar da take kula da su, take da reshe. Ana kuma nomanta a tuddan yammacin Kamaru. A wuri mai sanyi ɗan itacen yakan nuna a hankali, ƙwaya ta samu lokacin cika. Amma duk wannan wahala tana iya tashi a banza wajen shanya da ajiya. Ɗanyar ƙwayar gahawa iri ce mai rai, kuma tana ɗauke da wani sinadari, lifes, wanda aikinsa shi ne ya farfasa mai don ciyar da tsiro. Muddin ƙwaya tana bushe, yana kwance. Da danshi ya shiga sai ya tashi aiki, ya riƙa sakin ɓangarorin man, waɗanda sun fi saurin kama iska fiye da cikakken mai. Wannan ne ya sa ake busar da ƙwaya har ruwan jikinta ya sauka zuwa kashi 10 zuwa 12, a kuma tsare ta a haka. Gaggawa ma tana ɓarna. Masu bincike a Birazil sun duba ƙwayoyi da madubin ƙara girma, suka ga wadda aka busar da zafin digiri 60 fatar ɗakunanta ta yayyage, ɗigon man sun haɗe sun malale a ciki, alhali wadda aka busar a digiri 40 ta tsira da tsarinta. Irin wannan ƙwaya a ido lafiya lau take, amma ba ta jure ajiya. Bayan 'yan watanni launinta mai ɗan kore ya koɗe, kofinta ya koma ɗanɗanon katako da buhu.

Maganin da masu fitar da gahawa mai tsada suka koma gare shi ba baƙo ba ne a wurinmu: leda mai kauri da ba ta shigar da iska, a sa a cikin buhun algarara. Manoman wake a arewacin Najeriya da Nijar sun san buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fito da shi don kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Dabarar ɗaya ce, kuma tana hana ƙwayar gahawa shan danshin damina. Sharaɗin shi ne ta bushe sosai kafin a ɗaure, in ba haka ba an kulle ta da abin da zai ɓata ta.

Mu dawo kan tukunya. Yawan man da ke isa kofi ya dogara ga abin da aka tace da shi. Takardar tacewa tana shanye kusan dukkan man, ta kuma tare ƙananan ɓarɓashi, sai a samu gahawa garai-garai, marar nauyi, wadda tsaminta da ƙamshinta mai laushi ke fitowa sarai. Rariyar ƙarfe tana barin ɗigon mai su wuce. Haka ma dafawa kai tsaye a bar gari ya kwanta, irin ta Turkiyya, da jabana wadda akan toshe bakin tulunta da zaren dabino, da gahawar Larabawa mai launin ɗorawa da alhazai suka saba sha da dabino a Makka da Madina. Waɗannan sukan yi kauri a baki, domin man yana shafe harshe, ya rage kaifin ɗaci, ya kuma sa ƙamshi ya zauna bayan an haɗiye. Injin esfireso, mai fitar da gahawa mai ƙarfi a ɗan ƙaramin kofi, ya fi kowa a nan: yana tura ruwa da matsin da ya ninka na iskar duniya sau tara, ya farfasa man ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai masu yawo cikin ruwan. Shi ya sa ɗan kurɓi biyu ke barin ɗanɗano na mintuna masu yawa. Babu wadda ta fi wata a cikin hanyoyin nan, amma mai kauri tana fallasa tsohon mai, takarda kuma tana ɗan rufa masa asiri.

Mutane da yawa suna ɗauka kumfar da ke saman esfireso mai ce. Iskar kabon ce da sinadaran gina jiki da na suya suka riƙe, mai kuwa fasa kumfa yake yi. Saboda haka Robusta, mai ƙarancin mai, ta fi Arabika ba da kumfa mai tudu, kuma shi ne ɗaya daga dalilan da ke sa masu haɗin esfireso a Italiya suke zuba ta. A Malesiya da Singafo kuwa, inda Robusta ta yi yawa a kofin gargajiya, akan soya ƙwaya da majarin, wato man shafawa a burodi, da sukari, abin da ke ƙara mata santsin da ba ta da shi.

Batun lafiya ba zan tsallake shi ba, tunda jama'a za ka shayar. A 1983 wani bincike a garin Tiromso na ƙasar Norwe, inda aka saba dafa gahawa ba tacewa, ya nuna masu yawan shanta kitsen jininsu, wato kolestarol, ya fi hawa. An yi shekaru ana neman dalili, har masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka tabbatar a shekarun 1990 cewa kafestol ne babban mai laifi, kawiyol na taya shi, dukansu kuma a cikin man suke. Kofi ɗaya na dafaffiyar gahawa marar tacewa yakan ɗauki miligiram 3 zuwa 4 na kafestol, ɗan kofin esfireso wajen 1 zuwa 2, wadda aka tace da takarda da ta gwangwani kuwa kusan babu. Lissafinsu ya nuna miligiram 10 a kullum na tsawon mako huɗu yana ɗaga kolestarol da kimanin 0.13 a ma'aunin milimol cikin lita. Ga mai lafiya da ke shan kofi ɗaya, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Ga dattijon da likita ya ja wa kunne kan kitsen jini, kuma yake shan kofi biyar a yini, ya dace a tace masa da takarda. Ka ajiye takardar a shago, ka kuma gaya wa irin waɗannan abokan ciniki dalili.

Man nan har shaida yake bayarwa a kan maguɗi. Arabika ta fi tsada, don haka akan gauraya ta da Robusta a niƙa, ido kuma ba ya rabe gari da gari. Amma man Robusta yana da wani ɗan'uwan kafestol da ake kira 16-OMC, wanda Arabika ba ta da shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wuta ba ta kashe shi. Ɗakunan gwaji a Jamus da wasu ƙasashe da shi suke kama gaurayen da aka rubuta wa "Arabika zalla". Kai da ba ka da ɗakin gwaji, kariyarka ita ce sayen ƙwaya maimakon gari. Ta Arabika doguwa ce, tsagin cikinta a ɗan karkace, ta Robusta kuwa ta fi gajarta da kumburi, tsaginta a miƙe.

Game da iri biyun da ke gabanka, shawarata ka fara da busasshiyar, muddin mai kawowa zai iya faɗa maka ranar da aka soya ta kuma ba ta wuce 'yan makonni ba. Idan abokan cinikinka masu zuba madara da sukari ne, suna son ɗaci mai ratsa madara, to baƙar ma tana da wurinta, amma ka saya kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare cikin mako ɗaya ko biyu. Ka niƙa daidai abin da za ka dafa. Ka adana ƙwaya a mazubi marar shigar iska da haske, nesa da murhu. Leda mai ɗan maɓalli a jiki, wanda ke fitar da iskar kabon ba ya barin ta waje ta shiga, ita ce ta fi. Idan kana da firiza da wuta tsayayya, ka kasa ƙwayar ƙulli-ƙulli ka daskarar, ka fito da ƙulli ɗaya, kada ka buɗe sai sanyinsa ya sauka, domin raɓar da za ta kwanta a kan ƙwaya mai sanyi ɓarna ce. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, gara ka haƙura da firizar.

Sannan ka kula da kayan aiki, domin a nan masu shago da yawa ke asarar gahawa mai kyau ba su sani ba. Man yana mannewa a haƙoran injin niƙa, a bangon tukunya, a ramukan rariya, musamman a ƙyallen tacewa. Wanda ya kwana ya lalace, gobe kuma ya shiga sabon dahuwa. Ɗauraya da ruwa kawai ba ta fitar da shi. Tukunya da rariya a wanke su kullum da ruwan zafi da sabulu marar turare, a ɗauraye sosai. Ƙyalle a tafasa shi, a sauya shi da zarar ya fara wari. Injin niƙa a buɗe shi duk mako a goge da busasshen buroshi, idan kuma baƙar ƙwaya kake niƙawa, duk kwana biyu ko uku, domin maiƙonta yana haɗuwa da gari ya daskare a lungunan injin.